Alis a teburin mai shayi: muhawara kan wasan da ɗalibanmu na Akoka za su yi wa yara

Sadiya Akoka: Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, mu ɗalibai masu jin Hausa a Jami'ar Legas da ke Akoka, mun tsayar da wasan da za mu yi wa yara idan an yi hutun ƙarshen zango. Labarin Alis ne, yarinyar nan da ta bi zomo mai agogo ta faɗa rami, ta tsinci kanta a wata duniya da komai yake a birkice. Da Hausa za mu yi shi tun daga farko har ƙarshe, kuma 'ya'yanku na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende muke so su cika ɗakin. Muna neman shawara, muna neman tela, kuma ba na ɓoye muku, muna neman gudunmawa.

Malam Habu Agege: Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka, 'yata. Amma ina da tambaya. Duk tatsuniyoyin da ke ƙasar Hausa sun ƙare ne, sai da kuka haye teku kuka ɗauko labarin 'yar Ingila? Yaran da nake koyarwa a nan, da yawansu Yarbanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu. Ka ce wa yaro Gizo, ya ɗauka na yanar bango kake nufi. Ba su san Ƙoƙi ba, ba su san Ɓotorami ba. Ga Magana Jari Ce, ga Ruwan Bagaja. Ku da za ku shayar da su nonon gida, sai ku kawo musu na gwangwani?

Sadiya Akoka: Allah ya gafarta Malam, wallahi da Magana Jari Ce muka fara. Mun so mu ɗauki aku da Yarima Musa da makircin Waziri. Usman ne ya taka mana birki. Usman, fito ka kare kanka.

Usman ɗan aji huɗu: Ni aka jefa gaba ke nan. Malam, maganar haƙƙin mallaka ce. Dokar Nijeriya ta ba marubuci kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ka ga littattafansa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051. Mayar da littafi wasan dandamali, a kuma sayar da tikiti, sai da izini a rubuce daga masu haƙƙin. Ban ce ba za su bayar ba, na ce sai an nema, kuma lokacin da ya rage mana bai kai na jiran amsar wasiƙa ba. Shi kuwa Lewis Carroll, marubucin labarin Alis, ya fitar da nasa a 1865, ya mutu a 1898. Ya zama rijiyar gari, kowa ya zo da gugansa.

Malam Habu Agege: To tatsuniya fa? Wa za ku nemi izininsa kafin ku yi Gizo da Ƙoƙi? Kakarka?

Jummai Yaba: Malam ya kama ka, lauya.

Usman ɗan aji huɗu: Nan kam ba ni da ta cewa. Na koma kujerata.

Sadiya Akoka: Bari ni in amsa wannan. Tatsuniyar Gizo minti biyar ce zuwa goma. Mun gwada ɗinka guda huɗu wuri guda, sai abin ya fito kamar tashe, a yi wannan a tashi, a shiga wancan. Muna son labari ɗaya da yaro zai bi na tsawon awa guda yana tambayar kansa me zai faru da yarinyar nan. Kuma akwai abin da ya ja ni ga Alis. Yarinya ce da ta shiga garin da kowa ke mata magana da wani irin hankali da ba nata ba, kowa na tambayarta ke wace ce, har ita kanta ta fara kokwanto. A Idi-Araba aka haife ni. A makaranta ni 'yar aboki ce, idan muka je Katsina hutu ni 'yar Ikko ce mai karyayyar Hausa. Yaran da muke gayyata sun san wannan tambayar ciki da bai.

Baba Ɗanjuma Obalende: Malam Habu, ka bar yaran nan. Kai da kake kafa hujja da Imam, shi Imam daga ina ya ɗebo? Akun da ke ba da labari don ya hana mutum fita, asalinsa daga littattafan Indiya da Farisa ne. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya a ciki, akwai na Jamusawa. Ya zauna a Zariya a 1936 ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai gane baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi da muka karanta a firamare muna jin kamar a bayan garinmu aka yi, jarumin Rasha ne, Sarki Waldima kuwa Vladimir ne na birnin Kiev. Aro ba abin kunya ba ne a adabinmu. Abin kunya a ari riga a kasa gyara ta daidai jiki.

Malam Habu Agege: Baba, na ji, kuma ban musa ba. Sai dai Imam ya yi aro ne yana tsaye a kan Hausar da ta ƙoshi. Waɗannan fa? Ina tsoron a fito da Turanci sanye da hular Hausa.

Baba Ɗanjuma Obalende: Wannan tsoron naka halal ne. Sadiya, faɗa mana yadda kuka gyara rigar.

Sadiya Akoka: To Baba. Sunanta dai mun bar shi Alis a takardar talla don malamanmu su gane, amma a kan dandamali Halisa ce, 'yar Agege. Yayarta za ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", yaran ɗakin su amsa. Walimar shayin nan ta mahaukata, wadda a littafin agogo ya tsaya cak a ƙarfe shida don haka kullum lokacin shayi ne, mun mayar da ita teburin mai shayi. Ga tulin burodi, ga gwangwanayen madara an jera, ga kiret ɗin ƙwai, ga Mai Hula yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi tun daga sama. Shi Mai Hula mai wankin hula ne, da ƙwarya-ƙwaryan gugar hularsa a rataye. A littafin ya yi wa yarinyar kacici-kacicin da shi ma bai san amsarsa ba. A namu zai ce ƙulun ƙulufit, ta rasa amsa, ta ba shi gari. Ya ƙi Kano, ya ƙi Zariya, ta ba shi Legas ya karɓa ya cinye, sannan ya ce ai shi ma bai sani ba.

Jummai Yaba: Wayyo cikina! Wannan kaɗai ya isa kuɗin tikiti.

Sani Tela: Mai Hula dai kada ku nemi kowa, akwai wani maƙwabcina a nan da ba sai ya yi atisaye ba.

Hajiya Maman Khalifa: Ku tsaya da dariyar tukuna. Na sa Khalifa ya nemo min labarin na saurara, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Yarinya ta ga kwalba a kan tebur an rubuta a sha, ba ta san mai ita ba, ta ɗaga ta shanye, sai jikinta ya canja. Can gaba ga wata tsutsa zaune kan lemar kwaɗi tana zuƙar shisha, ta ce wa yarinyar ta ci gefen nan ta yi tsawo, ta ci wancan ta gajarce. Sadiya, ke yarinya ce amma kin san abin da kwalba ta yi wa 'ya'yan mutane. Har sai da gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018. Ni ba zan ɗauko jikokina daga Idi-Araba in zaunar da su su ga ana shan abin da ba a sani ba ana shiga duniyar mamaki, ana tafi ba.

Nura Injiniya: Hajiya, da girmanki, ai labari ne kawai. A littafin ma sai da ta duba ko an rubuta guba a jikin kwalbar kafin ta sha.

Hajiya Maman Khalifa: Nura, su masu ba yara ƙwaya rubuta guba suke yi a jiki? Wannan dubawar ita ce ma ta fi tayar min da hankali.

Jummai Yaba: Ni ina bayan Hajiya a nan. Ina koyar da 'yan firamare, kuma yaro ba ya ɗaukar jawabi, abin da ya gani da ido shi yake kwaikwaya. Gobe ka ji an sha kananzir a gorar lemo an ce ana wasan Halisa. Wanda ya rubuta shi malamin lissafi ne a Oxford, ya fara ba wa 'ya'yan shugaban kwalejinsa labarin a cikin kwalekwale a 1862. Bai san Legas ta yau ba, ba laifinsa ba ne. Laifin zai zama namu idan muka kwafa ido rufe.

Sadiya Akoka: Mama, kin yi gaskiya. Shishar dama mun cire ta, tsutsar goro take ci tana magana a hankali kamar mai jin barci. Kwalbar ce ba mu yi tunaninta ta wannan fuskar ba. Matsalar ita ce girma da ƙanƙancewar nan su ne ƙashin bayan labarin. Ƙofa ƙarama ce, mabuɗi na kan tebur, in ta yi ƙanƙanta ba ta kai ga mabuɗi, in ta yi girma ba ta shiga ƙofa. In an cire wannan babu wasa.

Hajiya Maman Khalifa: Ban ce a cire girma ba, na ce a cire sha.

Baba Ɗanjuma Obalende: Ai a littafin akwai mafici. Zomo ya yar da maficinsa, ta ɗauka tana fifita, ta dinga raguwa har ta kusa ɓacewa. Ku riƙe wannan ya zama na ƙanƙancewa. Na girma kuma ku ba ta waƙa, ko zobe, irin na tatsuniya. Kun huta da kwalba, kun huta da lemar kwaɗi.

Sadiya Akoka: Baba, ashe kun karanta shi haka!

Baba Ɗanjuma Obalende: 'Yar nan, kafin a haifi babanki.

Hajiya Maman Khalifa: In dai mafici ne, ni zan kawo. Ina da na kaba masu ado guda biyu da aka kawo min daga gida.

Nura Injiniya: Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda za mu yi girman, don ni aka ɗora wa. Ba mu da na'urar ɗaga mutum, ba mu da kuɗin majigi. Farin ƙyalle za mu ɗaure a bayan dandamali, mu ajiye fitila guda mai ƙarfi a ƙasa can baya. Idan Halisa ta matsa kusa da fitilar, inuwarta za ta cika ƙyallen har kanta ya taɓa sama. Idan ta matso jikin ƙyallen, sai ta dawo daidai. Sharaɗin shi ne fitila ɗaya tak, in ta zama biyu inuwa ta rabu, abin ya lalace. Sannan kafinta zai yi mana tebur biyu da mabuɗi biyu, ƙarami da kuma ƙato wanda sai ta yi ɗage kafin ta hango samansa. Kyanwar nan mai murmushi da ke ɓacewa ta bar haƙoranta kuwa, mutum uku ne sanye da baƙi, ɗaya na riƙe da kai, ɗaya jiki, ɗaya wutsiya. Su janye ɗaya bayan ɗaya, a bar baki shi kaɗai an shafa masa fenti mai ƙyalli.

Sani Tela: In aka ɗauke wuta fa?

Nura Injiniya: Da batir fitilar take aiki, Oga Sani. Janareta ma ba na so kusa, ƙararsa za ta cinye muryar yaran, ba mu da makirufo sai biyu.

Malam Habu Agege: Dabarar inuwar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma ga wata. Na ji an ce akwai sarauniya a labarin, kuma sojojinta karta ne. Karta a wurinmu caca ce. Kuma matar nan ba ta da magana sai a sare kan wane, a sare kan wance. A gaban yara?

Jummai Yaba: Malam, tatsuniyoyin da kake so a yi fa? Dodo yana haɗiye yarinya ɗungurungum, kishiya tana tura 'yar miji kogi. Mun ji su muna shekara biyar a tsakar gida cikin duhu, ga mu nan da ranmu.

Usman ɗan aji huɗu: Kuma a labarin ba a sare kan kowa ba. Sarauniya na wucewa, sarki ke bi a hankali yana yafe wa kowa. Abin dariyar ke nan, mai iko da ba ta da komai sai ihu. Zaman shari'ar ƙarshe shi ya fi min daɗi, an gurfanar da mutum kan satar ɗan abin maƙulashe, sarauniya na cewa a yanke hukunci tukuna, a saurari shari'a daga baya. Manyan da suka rako yara za su gane wannan ba sai an yi musu fashin baƙi ba.

Sadiya Akoka: Abin maƙulashen alkaki ne a namu. Sojojin kuwa ba kartar caca ba ce, katin Whot ne da yara ke bugawa a gida, mai da'ira da tauraro da sauransu. Jaririn da ya rikiɗe ya zama alade mun mayar da shi ɗan akuya, kafin wani ya tambaya.

Jummai Yaba: Saura kaɗan in tambaya, don in ga fuskar Malam.

Malam Habu Agege: Jummai, Allah ya shirye ki. To saura abu guda, kuma shi ne babba a wurina. Waƙoƙin da ke cikin littafin nan, marubucin ya ɗauki waƙoƙin tarbiyya da ake tilasta wa yaran Ingila haddacewa ne, ya murɗe su, yarinya ta buɗe baki za ta yi hadda sai shirme ya fito. Yaran can sun yi dariya don sun san na asalin. Ku wace hadda za ku murɗe? Ina gargaɗinku tun yanzu, kada wanda ya kusanci karatun allo ko waƙoƙin Islamiyya. Ranar da aka yi haka, ni da kaina zan tashi da ɗalibaina mu fita.

Sadiya Akoka: Subhanallahi, Malam, ko da wasa. Waƙoƙin gaɗa da na dandali muka ɗauka, irin su Ɗan Maliyo da Carman Dudu.

Malam Habu Agege: To nan na kama ku. Yaran Agege ba su san su ba. A wane dandalin suka yi gaɗa, ƙarƙashin gadar Pen Cinema? Za ta murɗe waƙa, iyaye su yi dariya, yara su yi zuru. Kin ga abin da nake faɗa tun farko. Sai yaro ya san daidai kafin karkatacce ya ba shi dariya.

Nura Injiniya: Gaskiya wannan ta shige mu. A atisayen jiya ma Halisar tamu sai da aka koya mata amshin.

Jummai Yaba: To a koya musu a wurin mana. Kafin zomo ya fito, yayar ta tara yaran unguwa a dandamali suna gaɗa, ta juyo ta koya wa 'yan kallo amshi, a yi sau uku har ya zauna. Bayan minti ashirin Halisa ta zo rerawa a gaban tsutsa ta kwaɓe. Yaran da kansu za su yi mata ihu suna gyara mata. Ba abin da yaro ke so irin ya ga ya fi na kan dandamali sani.

Malam Habu Agege: Wannan kam dabarar malamar makaranta ce. In za a yi haka, yaro zai koma gida da waƙa biyu a baki. Na rage adawa, ban janye ba.

Baba Ɗanjuma Obalende: Ku dubi maƙwabtanmu Yarbawa. Fagunwa ya rubuta labarin maharbinsa a dajin aljanu a 1938, Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968, Wale Ogunyemi ya ɗora shi a dandamali da sunan Langbodo, aka nuna shi a bikin al'adu na FESTAC na 1977. Ina garin nan lokacin, gidan wasan Iganmu yana sabo fil. Su ba su bar nasu a kan kanta ba. Mu kuwa tun wasan Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta yi da su marigayi Kasimu Yero, yaranmu na nan me suka gani? Don haka ni ra'ayina biyu ne. Ku yi Alis bana. Amma Usman, tunda kai ka san doka, ka rubuta wasiƙar neman izinin nan yau, ba sai baɗi ta zo ku ce lokaci ya ƙure ba.

Usman ɗan aji huɗu: Na karɓa, Baba. Ruwan Bagaja zan nema, don ina so in ga wanda zai fito a Malam Zurƙe.

Sani Tela: Maƙwabcin nan nawa dai.

Hajiya Maman Khalifa: Wata magana kuma. A Akoka za a yi? Ku san fa mai yara biyar daga Agege sai ya shiga mota biyu ko uku, ga cunkoso, ga kuɗin mota ya zama abin da ya zama. Matan unguwarmu da yawa ba za a bar su su je cikin jami'a da yamma ba, ko an bar su ba za su sake ba.

Sadiya Akoka: Mama, dole mu yi na farko a makaranta, don malamanmu za su zo su gani. Amma kayan namu duka suna shiga bayan ƙaramar mota guda. Ƙyalle ne da fitila da tebur biyu.

Baba Ɗanjuma Obalende: Haka 'yan wasan Jami'ar Ahmadu Bello suke yi tun shekarun 1970, su fita daga harabar makaranta su kai wasa cikin Samaru da ƙauyuka. Ba sabon abu ba ne.

Malam Habu Agege: Filin makarantarmu yana nan, zan yi wa hedimasta magana. Sharaɗina a fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, mata gefe maza gefe.

Nura Injiniya: Malam, a fili da hasken rana inuwa ba za ta fito ba. Sai dai aji mai tagogi da za mu toshe, ko a bari sai bayan isha'i.

Malam Habu Agege: Bayan isha'i ba mai ba ka ɗansa a Agege. Akwai babban ɗakin taro, amma tagoginsa takwas ne kuma ba labule.

Sani Tela: Ku bar min labule. Akwai baƙin yadi mai kauri a kasuwar Balogun, in an saya da yawa ana ragi. Nura, ka je ka auno min tagogin, tsawo da faɗi, kada ka ce min "kamar ƙofa". Sadiya, ki turo yaran Asabar da safe in gwada su. Zomon mace ce ko namiji? Don falmaran zan ɗinka masa, kuma ina so in san inda kunnuwan za su fito ta cikin hula.

Sadiya Akoka: Namiji ne, dogo, ɗan Sakkwato.

Sani Tela: To a gaya masa kuɗin yadinsa ya fi na kowa, ya zo da ciko.